Shin 'Yan Masoniyya da Fafaroma Ne Suka Tsara Birnin Washington?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mini wani bidiyo a WhatsApp, ana cewa ƙungiyar asiri ta Freemason da fadar Fafaroma ne suka haɗa baki suka tsara Washington, babban birnin Amurka. An nuna tauraro mai tsini biyar a taswirar tituna, da doguwar hasumiya irin ta Fir'aunonin Masar, da ƙubbar majalisa mai kama da cocin Fafaroma, da idon nan na bayan takardar dala. Tunda tarihin gine-gine fanninka ne, mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai hannun 'yan Masoniyya, wato Freemason, a tarihin wannan birni, akwai kuma na mabiya ɗarikar Katolika, kuma duka a rubuce suke cikin jaridu da takardun gwamnati na lokacin. Inda maganar bidiyon ta karkace shi ne ɗaure ɓangarorin biyu da igiya ɗaya. Cocin Katolika da Masoniyya ba sa ga-maciji da juna tun fiye da shekara 50 kafin a sare itacen farko a filin da Washington take yau.

Asalin Masoniyya ƙungiyoyin magina ne masu sassaƙa dutse a Sikotland da Ingila, kamar yadda a garuruwanmu magina ke da sarkinsu da sirrin sana'ar da ba a koya wa bare. A ƙarni na 17 attajirai da masu ilimi waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba suka fara shiga, har suka rinjayi maginan. A 1717 rassa huɗu na Landan suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya. Kayan aikin gini, irin su ma'aunin kusurwa da kamfas da walkin fata, suka koma alamomin koyar da ɗabi'a, aka kuma jingina labarin ƙungiyar ga ginin haikalin Annabi Sulaiman. Abu biyu suka ɓata wa coci rai: rantsuwar rufe sirri, da karɓar mutum daga kowane addini muddin ya yarda akwai Mahalicci. A 1738 Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa Katolika shiga, da hukuncin kora daga coci. Leo na 13 ya ƙara tsanantawa a 1884. A 1983 Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya sa hannu a sanarwar cewa haramcin yana nan daram, fadar Vatican ta sake nanata shi a 2023.

Yanzu ga abin da yake gaskiya a bidiyon. George Washington, shugaban Amurka na farko, ɗan Masoniyya ne, ya shiga reshen Fredericksburg a 1752 yana ɗan shekara 20. Da aka zo shata iyakar sabon birnin, murabba'i mai mil 10 kowane gefe, reshen Alexandria ne ya kafa dutsen iyaka na farko a Jones Point ranar 15 ga Afrilu 1791. Ranar 18 ga Satumba 1793 kuwa Washington da kansa ya haye kogin Potomac, ya ɗaura walkinsa na ƙungiya, aka yi jerin gwano da ganguna da harbin igwa zuwa tudun da za a gina majalisa. Ya sauka cikin ramin harsashi, ya ajiye wani farantin azurfa da aka rubuta shekarar a kansa da lissafin ƙungiya, 5793, aka aza dutsen, aka zuba masa hatsi da ruwan inabi da mai, alamar wadata da farin ciki da zaman lafiya. Bayan nan aka gasa sa guda jama'a suka ci. Jaridar Alexandria ta buga labarin daki-daki. Abin da aka yi da rana tsaka, gaban dubun jama'a, da ganga da igwa, ba a kiransa asiri.

Me ya sa su aka kira? Sabuwar ƙasar ba ta da sarki, ba ta da cocin gwamnati da zai zo ya sa wa gini albarka, kuma in aka kira limamin ɗarika ɗaya sauran za su ce an ware su. 'Yan Masoniyya suna da shiryayyen biki na aza harsashi, ga manyan gari a cikinsu, sai suka cike gurbin. Haka suka riƙa yi wa kotuna da makarantu da gadoji a faɗin ƙasar har cikin ƙarni na 20. Wannan tasiri ne na gaske, kuma Amurkawa da kansu sun taɓa tsorata da shi. Bayan ɓacewar William Morgan a 1826, mutumin da ya yi barazanar tona sirrin ƙungiyar, har jam'iyyar siyasa aka kafa don yaƙar Masoniyya, rassa da yawa suka rufe.

Ɓangaren Katolika kuma daga ƙasar wurin ya samo asali. Filin da aka gina majalisa da fadar White House a da yanki ne na jihar Maryland, wadda iyalin Calvert, Katolika daga Ingila, suka kafa a 1634 don 'yan ɗarikarsu su sami mafaka. Daga baya mulki ya kuɓuce musu, har aka hana su zaɓe da riƙe muƙami, amma gonaki suka ci gaba da zama a hannun wasu tsoffin gidajensu, musamman gidan Carroll. Daniel Carroll na Rock Creek yana cikin kwamishinoni uku da aka damƙa wa aikin birnin. Ɗan'uwansa John Carroll shi ne bishop na farko na Katolika a Amurka, shi ya kafa kwalejin Georgetown a 1789. Wani danginsu, shi ma Daniel Carroll, na Duddington, shi ke da filin tudun majalisa. Wanda ya zana White House, James Hoban, Katolika ne daga Ailan, kuma shi ne shugaban farko na wani reshen Masoniyya da aka buɗe a birnin a 1793. A kan irinsa masu bidiyo suke kafa hujja. Abin da ya faru shi ne a wancan zamani umarnin Fafaroma bai da ƙarfi a wannan lungu na duniya, inda Katolika ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, kuma magini mai neman kwangila yana buƙatar zama inda manya suke zama. Sai da aka kai 1960 kafin Amurka ta zaɓi Katolika na farko shugaban ƙasa, John Kennedy, shi ma sai da ya tsaya gaban fastoci a Houston yana ba su tabbacin ba Fafaroma ne zai riƙa ba shi umarni ba.

Akwai wani labari da ake yawan kawowa, kuma gaskiya ne: a 1663 wani manomi mai suna Francis Pope ya sa wa gonarsa a wannan yanki suna Rum, rafin da ke gefenta ya kira shi Tiber, sunan kogin birnin Rum. Sunan gidansu a Turanci yana nufin Fafaroma, daga nan wasan ya fito. Wannan ya faru shekara 128 kafin a zana birnin. Sunan Capitol kuwa, wato sunan ginin majalisar, Thomas Jefferson, ɗaya daga cikin masu kafa Amurka, shi ne ya tsaya a kansa, daga tudun Capitoline na tsohuwar Rum inda haikalin Jupiter yake. Jefferson ba Katolika ba ne, kuma ya sha sukar malaman coci a wasiƙunsa. Rum ɗin da shi da abokansa suke kwaɗayi ita ce jamhuriyar da ta kori sarakunanta ta ƙarfafa majalisar dattawa, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar birnin gaba ɗaya. Fafaroma ya gaji gine-ginen Rumawa domin a cikinsu yake zaune, 'yan Masoniyya sun ɗebi nasu daga Rum da Girka da Masar, masu kafa Amurka su ma can suka je ɗiba. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Taswirar tituna aikin Pierre Charles L'Enfant ne, Bafaranshe, injiniyan soja da ya yi yaƙin neman 'yanci tare da Washington. Mahaifinsa mai zane ne a hidimar sarkin Faransa, don haka ya tashi yana ganin lambunan Versailles, inda hanyoyi ke fitowa daga wuri ɗaya su bazu kamar sawun agwagwa. Jefferson ya ara masa taswirorin biranen Turai, ciki har da Paris da Amsterdam da Karlsruhe da Milan. A 1791 ya shimfiɗa tituna masu ratsa juna a miƙe, sannan ya ɗora musu manyan hanyoyi a karkace don haɗa tuddai da dandali. In akwai jijiyar Katolika a nan, ga ta: wannan salo na dogayen hanyoyi masu ƙarewa a kan wata alama ya yi ƙarfi ne a Rum zamanin Fafaroma Sixtus na 5, a shekarun 1580, daga nan ya shiga Faransa. Gadon sana'a ne da ya bi hannun masu zane har ya ƙetare teku.

Duk inda ka ɗora layuka a karkace kan layuka miƙaƙƙu, siffofi masu kusurwa uku da taurari za su fito ko ba ka nema ba. Buɗe taswirar a wayarka ka bi tauraron da aka nuna maka. Tsininsa biyar su ne White House, da shataletalen Dupont, da na Logan, da na Washington, da dandalin Mount Vernon. Titin Massachusetts yana nan, titin K yana nan, Connecticut da Vermont suna nan ko da yake suna tsayawa kafin su kai fadar. Layi na biyar shi ne titin Rhode Island, wanda ya kamata ya tashi daga Logan ya kai shataletalen Washington. Bai kai ba, ya ƙare a mahaɗarsa da Connecticut. Mai bidiyo ne ya ƙarasa shi da jan layi. Fassara tauraro mai kai ƙasa da cewa alamar Shaiɗan ce ma a shekarun 1850 ta yaɗu, ta hannun wani marubuci Bafaranshe, Eliphas Levi, bayan L'Enfant ya mutu da kusan shekara 30. Shi L'Enfant ko shekara ɗaya cikakkiya bai yi a kan aikin ba. Ya rushe gidan da Carroll na Duddington yake ginawa don ya shiga hanyar da ya shata, ya ƙi bin umarnin kwamishinoni, aka sallame shi a Fabrairun 1792, Andrew Ellicott ya gyara zanen. Ya mutu a 1825 ba shi da ko sisi.

Hasumiyar Washington ita ce na fi so ka tsaya a kanta, domin tarihinta kaɗai ya isa ya warware zancen haɗin baki. An aza harsashinta ranar 4 ga Yuli 1848 da bikin Masoniyya, wannan haka ne. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke tara kuɗin, ta nemi jihohi da ƙungiyoyi da ƙasashen waje su aiko da duwatsun tunawa a jera a bangon ciki. Rassan Masoniyya da dama sun aiko. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aiko da nasa da rubutun Turkanci cikin haruffan Larabci, yana nan a jikin bangon har yau. Fafaroma Pius na 9 shi ma ya aiko da marmara da aka ciro daga kangon wani tsohon haikali a Rum. A lokacin akwai wata jam'iyya da ake wa laƙabi da Know-Nothing, mai ƙin baƙi, musamman Katolika 'yan Ailan da Jamus da ke kwararowa. Wani dare a farkon Maris 1854 wasu mutane suka kulle mai gadi a ɗakinsa, suka ɗauke dutsen Fafaroma, aka yi ittifaƙin a kogin Potomac suka jefa shi. A shekara ta gaba 'yan jam'iyyar suka ƙwace shugabancin ƙungiyar ginin. Gudummawa ta ƙafe, majalisa ta janye tallafin da ta yi niyya, yaƙin basasa ya biyo baya, hasumiyar ta tsaya guntuwa a kimanin ƙafa 150 fiye da shekara 20. In ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, za ka ga inda launin dutsen ya sauya, na ƙasa ya fi fari, na sama ya ɗan yi duhu, domin da aka dawo aiki a 1879 daga wata mahaƙa daban aka samo marmara. Wannan layi shi ne tabon rigimar. Sai a 1982 aka saka wani dutse a madadin na Fafaroma.

Siffarta ta ƙarshe ma ba daga wani zauren asiri ta fito ba. Zanen farko na Robert Mills yana da zagayen ginshiƙai a gindi da mutum-mutumin Washington a keken doki, kuɗi ya hana. Injiniyan soja Thomas Casey ya nemi shawarar George Marsh, jakadan Amurka a Italiya, wanda ya auna hasumiyoyin Masar da ke Rum ya ce tsawo kan ninka faɗin gindi sau goma. Gindin ƙafa 55 ne, sai aka tsaya a ƙafa 555, wato mita 169. An ɗora kanta a Disamba 1884, da ɗan ƙaramin tsini na alminiyam da aka rubuta Laus Deo a gefensa na gabas, ma'ana yabo ya tabbata ga Allah. Yayin kayan Masar ya mamaye Turai da Amurka a wannan ƙarni: Paris ta kafa tata hasumiyar a 1836, Landan a 1878, New York a 1881. Hasumiyar Washington ba ta ma zauna daidai inda L'Enfant ya so ba, an gusa ta kudu maso gabas saboda ƙasar bakin kogin ba za ta ɗauki nauyinta ba. Siffar gicciye da ake nunawa daga sama kuwa, sai bayan shirin McMillan na sake fasalin tsakiyar birnin a 1902 ta fito, da aka cike fadama aka gina wurin tunawa da Lincoln a 1922 da na Jefferson a 1943.

Ƙubbar majalisa ta yi kama da ta cocin Saint Peter, kuma ba a ɓoye dalili ba. Thomas Walter, wanda ya zana ta, ɗan ɗarikar Baptist ne. Ya zaga Turai ya nazarci ƙubbar Rum da ta cocin Saint Paul na Landan da Pantheon na Paris, ya zo ya yi tasa da zubin ƙarfe tsakanin 1855 da 1866. Hannun Katolika na gaske yana cikinta, a rufin. Constantino Brumidi haifaffen Rum ne, ya yi aikin zane a fadar Vatican, ya zana hoton Pius na 9. Bayan juyin juya halin 1849 gwamnatin Fafaroma ta ɗaure shi, aka sake shi ya tafi Amurka a 1852. A 1865 ya zana rufin ƙubbar, ƙafa 180 daga ƙasa. Washington yana zaune cikin gajimare, mayafi ruwan shuni a cinyarsa, bakan gizo a ƙarƙashin ƙafarsa, 'yan mata 13 kewaye da shi a madadin jihohin farko. A gefe ga gumakan Rumawa an sa su aikin zamani: Minerva tana koyar da masu ƙirƙira Franklin da Morse da Fulton, Ceres tana zaune a kan injin girbi, Venus tana riƙe da wayar tangarahu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Tsarin zanen na rufin cocin Italiya ne, inda ake nuna waliyyi yana hawa sama, domin abin da Brumidi ya koya ke nan. Ni kaina wannan zane bai kwanta mini ba. Ɗaukar ɗan Adam a zaunar da shi a sama cikin gumaka abu ne da Musulmi zai ƙyamata, Kiristoci da yawa ma haka, kuma ba ka buƙatar wani labarin makirci kafin ka faɗi haka. A zauren majalisar wakilai kuma akwai fuskokin masu kafa doka 23 da aka saka a 1950. Fafaroma biyu suna ciki, Innocent na 3 da Gregory na 9, tare da Hammurabi da Napoleon da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya.

Idon bayan dala ya fito ne daga hatimin ƙasa na 1782. A kwamitin farko na 1776 Benjamin Franklin ne kaɗai ɗan Masoniyya, kuma shawararsa, hoton Fir'auna yana nutsewa a teku, ba a karɓa ba. Mai zane Pierre du Simitiere ne ya kawo idon. Ido cikin kusurwa uku tsohuwar alama ce a cocin Turai, tana nufin Allah yana gani, kusurwoyin kuma aƙidar Triniti. 'Yan Masoniyya su ma sun ɗauke ta, ta zama sananniya a littattafansu na Amurka daga wajen 1797. Idon yana saman wani gini mai siffar dalar Masar: matakansa 13 jihohi ne, 1776 da ke gindinsa shekarar 'yanci ce. Ƙungiyar asiri ta Illuminati ta Bavaria a Jamus, wadda wasu ke dangantawa da wannan lamba, ita ma a wannan shekarar aka kafa ta, gwamnatin can ta murƙushe ta a 1785. An ɗora hatimin a takardar kuɗi a 1935, kuma a nan akwai hannun 'yan ƙungiya: ministan noma Henry Wallace da Shugaba Franklin Roosevelt duka 'yan Masoniyya ne, alamar ta burge su. A cewar Wallace, sai da Roosevelt ya tambayi James Farley, Katolika a majalisar ministocinsa, ko 'yan ɗarikarsa za su ji haushi.

In kana son ganin alamomin kowane ɓangare tsantsa, je inda suka gina da kuɗinsu suka rubuta sunansu. A titi na 16 akwai House of the Temple, hedikwatar wani babban reshen Masoniyya, an gama shi a 1915: ginshiƙai 33, kowanne ƙafa 33, daidai da matakan reshen, da zakuna biyu masu kan mutum a bakin ƙofa. A Alexandria akwai hasumiyarsu ta tunawa da Washington mai ƙafa 333, an buɗe ta a 1932. Katolika kuma suna da babbar majami'ar Maryamu a arewa maso gabashin birnin, an aza harsashinta a 1920, ita ce cocin Katolika mafi girma a Arewacin Amurka, hasumiyarta ƙafa 329. Unguwar, Brookland, har Ƙaramar Rum ake ce mata saboda yawan makarantu da gidajen 'yan coci. Babban cocin nan da ake wa shugabanni jana'iza, National Cathedral, na ɗarikar Episcopal ne, dangin Angilika, ana yawan kuskurensa da na Katolika.

Alamomin da aka taɓa samu a ɓoye cikin bango na maginan gaske ne. Lokacin da aka sake ginin cikin White House tsakanin 1948 da 1952, an tarar da duwatsu masu ɗauke da 'yan zane-zanen da masassaƙan Sikotland suka yi a shekarun 1790, kowa da tambarinsa, don a san aikin wa za a biya. Shugaba Truman, wanda ya taɓa shugabantar Masoniyyar jihar Missouri, ya rarraba wasunsu ga rassan jihohi. Waɗanda ba su bar tambari ba su ne bayi baƙar fata da suka fasa dutsen a mahaƙar Aquia, suka yanka katako, suka ƙona tubali, ana biyan iyayen gijinsu kimanin dala 5 a wata. Mutum-mutumin tagulla da ke tsaye a kan ƙubbar majalisa, wanda ake kira 'Yanci, wani bawa mai suna Philip Reid yana cikin waɗanda suka yi zubinsa, kuma ladan ranar Lahadi kaɗai ke shiga hannunsa. Ya sami 'yancinsa a Afrilun 1862, aka ɗora mutum-mutumin a Disamba 1863. Majalisa ba ta kafa wa waɗannan ma'aikata allon tunawa ba sai a 2010.